Cinikin Biri a Sama: Kundin Aikin Barkwancinmu

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Bara mun yi wani ɗan aikin bidiyo, ban rubuta komai ba, kuɗi suka ƙare har yau ban san inda suka bi ba. Wannan karon duk abin da aka yi da duk sisin da ya fita sai ya shiga kundi.

Abin da muka sa a gaba shi ne gajerun bidiyo huɗu, kowanne kada ya wuce minti biyar. Za mu ɗauki salon tsofaffin finafinan da muka taso muna leƙe a gidajen kallo na unguwa, na Indiya da na 'yan Chana da namu na Hausa, mu cusa musu zancen NFT, wato shaidar mallakar hoto ko wani abu na kwamfuta da ake saye da sayarwa a intanet. Mu uku ne: ni da rubutu da ba da umarni, ƙanena da wayarsa mai kyamara, sai abokina na Tudun Wada da ya karanta wasan kwaikwayo a jami'a a Samaru, nan Zariya, yake zaman jiran aiki.

A teburin mai shayi abin ya samo asali. Ƙanena yana ba Kawu labarin cewa a watan Maris na 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da wani hoton kwamfuta na mai zane Beeple a kan dala miliyan 69. Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Hoton yana ina yanzu?" Ƙanena ya ce yana intanet, kowa ma yana iya gani, har ya ajiye a wayarsa. "To shi wanda ya biya, me ya saya?" Aka ce masa shaida ya saya. Akwai wani kundi da ake kira bulokcen, dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, a ciki aka rubuta cewa lamba kaza ta walet kaza ce, wato asusun ajiyar kuɗin intanet na wane. Sau da yawa ma hoton kansa ba ya cikin kundin, adireshin inda aka ajiye shi kawai ake sawa. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ai wannan shi Hausawa suka daɗe da raɗa wa suna. Cinikin biri a sama." Har mai shayi sai da ya zubar da madara don dariya. Sunan shirin ke nan, ba mu wahala ba.

Asusu: ni ₦30,000, abokina ₦20,000, ƙanena ₦10,000 da waya. Jimla ₦60,000.

Laraba, 8 ga Janairu

Na gama rubuta kashi na ɗaya. Salon nan ne na 'yan'uwa biyu da suka ɓace wa juna a cunkoson kasuwa suna yara, uwa ta makance don kuka, a girma su haɗu ta hanyar waƙar da ta koya musu. A da rabin zobe ko rabin laya kowa ke riƙewa. Namu, kalmomin sirri goma sha biyu na buɗe walet uban ya raba musu kafin ya cika, shida-shida.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwar Sabon Gari tun hantsi. Makirfo na maƙalawa a riga ₦9,500. Kayan gwanjo ₦8,000: wando biyu masu buɗaɗɗiyar ƙafa, riga mai furanni, kwat ɗin bos, tabarau mai faɗi. Kwali da gam ₦1,500. Mai zanen allon shago ya zana mana biri a kan ₦4,000.

Dole biri ne, don shi ne tambarin wannan harka tun da kamfanin Yuga Labs ya fito da birai 10,000 na Bored Ape a Afrilun 2021. Amma na hana a kwaikwayi nasu. Namu jan biri ne irin mai ɓarnar gona, da hula zanna a karkace, goro a kumatu. Mai zanen ya tambaye ni ko maganin basir za mu tallata.

Saura ₦37,000.

Lahadi, 12 ga Janairu

Wankin kayan gwanjo. Kwat ɗin bos ta zuba, ta rine rigar jarumi.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar ɗauka ta farko, kuma ranar asara.

Mun zaɓi gefen ganuwa wajen Ƙofar Gayan saboda jar ƙasar wurin tana ba da kalar tsohon fim ba sai an yi mata komai ba. Abin da ban lissafa ba shi ne hunturu. Hazo ya rufe gari, rana kamar faifan tuwo, iska kuma tana kaɗawa ba hutu. A wayar hoto ya yi kyau sosai, har muna tafa wa juna. Sai da muka dawo gida na sa abin ji a kunne, na tarar ba maganar da ke fita, sai fuuu kamar ana hura wutar maƙera. Awa huɗu muka yi a banza.

Ba nan kaɗai ba. Yarinyar da za ta fito a matsayin uwa ba ta zo ba, mahaifiyarta ta ce ba da 'yarta ba, kuma ban ga laifinta ba, don ni ban je na yi sallama na yi bayani ba, saƙo kawai na tura. Sannan yara suka yanyame mu, kusan talatin, duk inda aka juya kyamara akwai mai gwalo. Daga baya wani dattijo ya zo ya tambaya, cikin mutunci, ko mai unguwa ya san da zuwanmu. Bai sani ba. Muka bar kaya muka je muka gaishe shi, ya ce babu komai, amma nan gaba a riƙa fara zuwa. Gaskiyarsa.

Gyara: an yanko soso an lulluɓe makirfo, an sa masa guntun safa an ɗaure da roba. Na gwada a gaban fanka, ya yi. Na kuma je wurin Gwaggo da kaina na durƙusa na roƙe ta ta fito a uwa. Ta ce, "Ni da tsufana za ka sa a waya?" Na ce ai kuka kawai za ta yi ta kira sunan 'ya'ya. Ta ce in dai kuka ne, ta kalli na Indiyawa tun kafin a haifi babana, ta fi su iyawa.

Keke da abinci ₦4,500. Saura ₦32,500.

Talata, 21 ga Janairu

An ba da sanarwar amincewa da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Mu da aikinmu duk a kan data yake. Na ce wa ƙanena ya daina tura min bidiyo ta waya, ya riƙa takowa ɗakina.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun sake ɗauka, da asuba bayan an idar da salla, kafin iska ta tashi kuma kafin yara su karya. Alhamdulillahi.

Fitowar ƙarshe ita ce ƙashin bayan kashin. Babban wa yana tura baro a kasuwa, ya ɗaga kai sama ya fara rera rabonsa na gado: tukunya, rariya, makulli, tsintsiya, fitila, gwangwani. Can ƙarshen layi ƙane, wanda ya zama ɗan sanda kamar yadda aka saba, ya tsaya cak, hawaye ya zubo, ya amsa: akushi, tabarma, ludayi, kwado, madubi, buta. Suka rugo a hankali, hannu a buɗe. Gwaggo ta yar da sanda ta ce idonta ya buɗe. A bayansu kuwa bos na tsugune gindin rumfa da biro yana rubuta kalmomin a tafin hannu, yana ƙirgawa da yatsa. Kafin su gama rungumar juna ya kwashe walet ɗin tas.

Kalmomin gaskiya daga wani jeri na kalmomi 2,048 ake ɗebo su, yawanci na Turanci. Abokina ya so mu sa irinsu don abin ya yi kama da gaske, na ƙi. Ba wanda zai yi dariya da kalmar da bai san ta ba, amma babban mutum da gemu yana kuka yana kiran "ludayi", ko ba ka san walet ba sai ka dara.

Gwaggo ta ba mu mamaki. Sau ɗaya aka ɗauki kukanta. Da aka ce an gama ta share ido ta ce a kawo mata kunu.

Kashewa ₦3,000. Saura ₦29,500.

Laraba, 29 ga Janairu

Kwana uku ina editin. Wuta ba ta zama, sai da na sayi fetur lita biyu na zuba a janaretan maƙwabci, ₦2,000. Data ₦3,500.

Jiya da daddare na ɗora. Ko minti goma ba a yi ba manhajar da na ɗora bidiyon a kai ta kashe sautin gaba ɗaya, wai akwai kiɗan da ke da mai shi. Ni na jawo. A ƙarƙashin waƙar 'yan'uwan na shimfiɗa kiɗan wani tsohon fim ɗin Indiya, ina ganin ai ya tsufa, wa zai kula. Sai ga mutane suna kallon ƙattai biyu na buɗe baki ba murya.

Abokina ya hau faɗa, ya ce doka tana tare da mu. Ta wani ɓangaren yana da gaskiya: dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ambaci kwaikwayon barkwanci da zambo cikin abubuwan da aka yi wa sassauci. Amma na ce masa abu biyu. Na farko, na'urar da ke sauraron kiɗa ba ta karanta dokar Najeriya, sauti take ji ta datse. Na biyu, mu ba kiɗan muka juya ba, ɗaukarsa muka yi ɗungurungum muka liƙa, wannan kuwa aro ne ba da sanin mai kaya ba. Manyan ma ba su tsira ba. A 2021 kamfanin Miramax ya maka darakta Quentin Tarantino a kotu don ya ce zai sayar da NFT na rubutun wani tsohon fim ɗin da shi da kansa ya rubuta, sai a 2022 suka sasanta. In mai rubutu bai tsira da rubutunsa ba, ina ga ɗan Zariya da kiɗan mutanen Bombay.

Na sauke bidiyon. Mun yanke: daga yau salo kawai za mu ara, kiɗa da baiti namu. Saura ₦24,000.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wannan ranar ita ta juya aikin, don haka zan daɗe a kanta.

Kawu ne ya tura ni cikin birni wurin wani tsoho da ya yi kamanci a ƙuruciyarsa. Ga waɗanda ba su riski abin ba, 'yan kama su ne masu naɗa rawani su zauna kamar malamai, su ɗauko salon karatu ko wata sananniyar waƙa, su mai da ita zancen tuwo da nama da fura. Wato abin da nake ta faman yi da waya ina jin kaina ɗan zamani, mutanen nan sun yi shi da ɗan ganga a bakin kasuwa tun ba a haife ni ba.

Na same shi a zaure. Na gaishe shi, na ajiye goro, na yi bayani kusan rabin awa, har da bulokcen. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, birin nan me yake ci?" Na ce Baba ai hoto ne, ba ya cin komai. Ya ce, "To mai shi fa, me yake ci?" Na ce shi ma dai jira yake farashi ya tashi. Ya ce, "Yauwa. Ka bar birin. Yunwar mai shi za ka yi wa waƙa."

Na karanta masa baitin da na zo da shi:

*Birina na sama, takardata na ƙasa,*
*Ba ya cin ayaba, sai data yake lasa.*

Ya ce ba laifi, amma na ɗalibai ne. Ya jawo gangarsa daga bayan tabarma, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya rufe ido, sai ya saki:

*Na sai da tuwo na sayi hoton tuwo,*
*Dare ya yi, ciki ya ce malam ina miya?*
*Na nuna masa rasit, ya ce ban iya boko ba.*

Ya ce amshi kuma kada ya wuce abin da yaro zai iya ɗauka a ji ɗaya: "Yana sama, yana sama." Na yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ko ko murmushi bai yi ba. Ya ce ɗan kama in ya yi dariya ya ɓata wasa, sai ka ɗaure fuska kamar mai raba gado. Wannan na rubuta shi babba na manna a bangon ɗaki, don abokina yana da halin yin murmushi kafin ya faɗi abin dariya.

Da ƙyar ya yarda a ɗauki muryarsa. Sharaɗinsa kada a nuna fuskarsa, don yanzu jikokinsa sun girma, kuma shi ke kiran sallar asuba a masallacin layinsu. Na ba shi ₦7,000, goro ₦500. Wani ƙaramin situdiyo a Tudun Wada ya karɓi ₦5,000 na ɗauka da haɗawa. Saura ₦11,500.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An sake ɗora kashi na ɗaya da sabon kiɗa. Ba a taɓa shi ba. Cikin kwana biyu mutum 1,300 suka kalla, yawanci 'yan'uwa da abokai. Wani Bakano ya rubuto cewa ya gane Zage-zagi ne tun daga inda jarumi ya ce "uwana ya makance". Za mu haɗu.

Abin da na lura: ba wanda ya yi maganar biri. Bos da bironsa da kukan Gwaggo ake ta yaɗawa. Da yawa ma suna tambaya mene ne NFT ɗin. Amma maining, wato latsa waya don tara kuɗin intanet, kowa ya sani, don babu gidan da ba a dangwali waya ba bara. Saboda haka na sauya jeri, na 'yan Chana zai riga na soyayya fita.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na karanta wa Kawu rubutun na soyayya, inda Alhaji mai kuɗi da saurayi talaka ke takarar yarinya ɗaya, Alhaji ya biya sadaki da hoton biri. Bai yi dariya ba. Ya ce sadaki da ɗaurin aure ba wurin wasa ba ne, in taɓa al'ada in bar addini. Na ɗan yi gardama a raina, amma na mai da shi lefe. Ya ma fi: akwati goma sha biyu, dangin amarya sun taru, a buɗe kowanne a tarar da takarda ɗaya mai lambar atamfa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Da kunya nake rubuta wannan.

Ranar Litinin muka ce bari mu mai da birinmu NFT na gaske, don a ƙarshen kowane kashi mu nuna shi mu ce ga shi nan na sayarwa, ba mai saye. Ƙanena ya buɗe walet, muka bi ta bulokcen ɗin Polygon saboda kuɗin gas ɗinsa, wato ladan shigar da abu a kundin, kaɗan ne in an gwada da na Ethereum. Duka-duka abin bai wuce ₦1,000 ba. Kalmomi goma sha biyun na rubuta a takarda na sa a cikin littafin Hajiya na adashi, inda ba mai taɓawa.

Talata da dare wani ya yi wa ƙanena magana ta akwatin saƙo. Hoton Bature da kare, Turanci mai santsi. Wai shi mai tara zane-zanen Afirka ne, birinmu ya taɓa masa zuciya, zai saya a kan Ethereum biyu, wato miliyoyin naira. Sai dai ba ya ciniki a kasuwar da muka sa shi, akwai wani shafi da ya fi yarda da shi, mu mai da birin can. Shafin kuma sai an fara zuba kuɗin tantancewa kafin a saki ciniki. Yaron nan bai gaya min ba, wai so yake ya ba ni mamaki. Ya ɗauki ₦9,000 daga asusu, ya haɗa da nasa ₦6,000, ya saya musu kirifto ya tura. Shafin ya nuna masa kuɗi sun shigo, lambobi kore shar. Da ya zo cirewa aka ce saura kuɗin haraji. Nan ne biri ya fara yi masa kama da mutum, ya zo ya tashe ni ƙarfe ɗaya na dare.

Na yi faɗa, ban ɓoye ba. Mutumin da ya riƙe kyamara ya ɗauki bos yana kwashe walet, shi aka yi wa sakiyar da ba ruwa cikin mako uku. Amma da gari ya waye na sauko, don na tambayi kaina in ni aka nuna wa miliyoyin nan da tsakar dare, ban san me zan yi ba. Kuma waɗanda suka fi mu wayo sun faɗa. A 2022 an yaudari ɗan wasan Amurka Seth Green ta shafin bogi aka ɗauke masa birinsa na Bored Ape, alhali yana shirya wasan talabijin da birin ne jarumi, sai da ya biya maƙudan kuɗi ya fanso shi. Sa'armu ɗaya, ƙanena bai ba su kalmomin sirri ba, don bai san inda na ɓoye ba.

Na kuma tuna masa, don ya daina mafarkin mai saye, cewa saƙon farko na Jack Dorsey a Twitter an saye shi kusan dala miliyan 2.9 a 2021, da mai shi ya fito da shi gwanjo a 2022 tayin farko-farko bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Wannan na mai Twitter ke nan, balle jan biri mai goro.

Saura ₦1,500. Yaya ta ranta mana ₦10,000, ta ce bayan salla take son abinta. Asusu ya dawo hannuna. Baturen da karensa kuma sun shiga rubutun kashi na huɗu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Dutsen Kufena, kashi na 'yan Chana. An kashe wa jarumi malaminsa, ya hau dutse wurin tsoho mai farin gemu ya koyi faɗa don ɗaukar fansa. Horon kuwa duk dangwalar waya ne: da yatsa ɗaya, da biyar, da hanci, a tsaye da ƙafa ɗaya, da guga cike da ruwa a ka. Kullum ya tambaya, "Malam, yaushe za ta fashe?" tsoho ya shafa gemu ya ce, "Gayyato mutum uku tukuna." Mun yi magana baki na gaba murya na baya, kamar yadda fassarar da take fita.

Gemun auduga ya tashi sau biyu. Abokina ya gurɗe ƙafa a saukowa, ba sosai ba. Shatar keke ₦5,000, burodi da ruwa ₦1,500. Saura ₦5,000.

Talata, 18 ga Fabrairu

Editin. Data ₦2,500, kuma ta fi saurin ƙarewa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Da gangan na riƙe kashin har jiya Alhamis, ranar da aka buɗe Pi, kuɗin intanet ɗin nan na maining, a kasuwa bayan mutane sun yi ta latsawa tun 2019. Tun safe duk majalisar da ka bi daga Kwangila zuwa PZ kai a sunkuye yake. Akwai waɗanda suka yi imani ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, har sun zaɓi kalar mota. Ta buɗe tana yawo tsakanin dala ɗaya da biyu, yau ta gangaro ƙasa da ɗaya. Ga kuma tabon maining ɗin Hamster Kombat na Satumbar bara bai gama warkewa ba.

Ƙarfe takwas na dare na saki. Zuwa yanzu mutum 41,000. Wasu 'yan baiwa sun ji haushi, sun ce hassada ce da rashin ilimin zamani. Ɗaya ya ce in ta fashe kada in zo neman aron mota. Na amsa masa cewa ni ma ina da tawa a waya, shekara uku ina latsawa, kaina na fara yi wa dariya. Ban yi ƙarya ba.

Abin da ke ɗan damuna shi ne kashin da ya fi karɓuwa babu NFT a cikinsa sam, sai a ƙarshe da aka ba jarumi hoton takobi maimakon takobi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An ɗauki na lefe a tsakar gidanmu, akwatunan Yaya da na maƙwabta. Matan layi suka cika gida ba gayyata, kuma su suka gyara min rubutu: sun ce ba a buɗe lefe shiru, sai da guɗa da mai ƙirga turame da 'yar tsegumi a gefe. Wata ta ɗaga takardar ta ce, "Wannan super ce ko holan?" Ba ni na rubuta ba, kuma ya fi duk abin da na rubuta. Lemo da cincin ₦2,000. Saura ₦500.

Wani mai shagon waya a PZ ya ba da ₦8,000 a sa sunan shagonsa a ƙarshe. Kuɗin farko da aikin nan ya kawo.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Mun tsayar da ɗauka, na lefe ma ba zan sake shi ba sai bayan salla, saboda akwai guɗa da kiɗa. Lissafi: an kashe ₦69,500, da na Bature a ciki. A hannu ₦8,500. Bashin Yaya ₦10,000.

Talata, 11 ga Maris

Jiya bayan tarawi muna zaune a ƙofar gida sai ga 'yan tashe, yara bakwai ko takwas da gwangwanaye. Na gaba ya sa gemun auduga, ya ɗaura tsumma a ka, yana riƙe da kwali a kan sanda an zana wani abu da gawayi, kunnuwa kamar faranti. Ya ɗaure fuska tamau yana cewa ya sai da kunu ya sayi hoton kunu, ya sai da ƙosai ya sayi hoton ƙosai, sauran suna amsawa, "Yana sama, yana sama!" Ba su san mu ne masu abin ba. Baitin ƙosan ma ba namu ba ne, su suka ƙara.

Ƙanena ya raɗa min cewa sun kwafi birinmu ba izini, ko in fito musu da rasit. Kawu ya ba su ₦200, ya sa suka maimaita sau biyu.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga birni in gaya wa Baba ɗan kama, in kai masa ɗan sukari. Zan kuma nemi iyayen yaran, in sun amince mu ɗauke su kafin goman tsakiya ta wuce, su zama buɗewar kashi na huɗu. Ana bukatar fitila mai caji don ɗaukar dare, an ce min ₦6,500 a Sabon Gari. In na saya, abin da zai rage ₦2,000 ne, kuma ban san yadda zan fara yi wa Yaya bayani ba.